Auna ƙanƙarar Girinlan daga kan teburin kwamfuta

Aikina na asali bin diddigin ruwan ƙarƙashin ƙasa ne a yankin Tafkin Chadi, da bayanan taurarin ɗan adam na GRACE. Malamina ne ya ce in fara gwada hannuna a kan Girinlan, babban tsibirin da ƙanƙara ta lulluɓe a can arewacin duniya, domin a can canjin nauyi yake da girma, ko makaho ya shafa zai ji.

Taurarin biyu ne, hukumar sararin samaniyar Amurka NASA da takwararta ta Jamus suka harba su a watan Maris na 2002, ɗaya na bin ɗaya da tazarar kusan kilomita 220. Ba hoto suke ɗauka ba. Idan na gaba ya doshi wuri mai nauyi, ƙarfin janyowar ƙasa sai ya fizge shi kaɗan, tazarar ta ƙaru, can kuma na baya ya iso wurin shi ma a fizge shi. Ana auna wannan canji ko da bai kai kaurin silin gashi ba, daga nan a fitar da taswirar nauyi ta wata-wata.

Na sauko da bayanan daga cibiyar JPL ta NASA, kyauta ne. Da na zana su, layin ya riƙa hawa da sauka: ya ɗaga da hunturu saboda dusar ƙanƙara, ya faɗi da lokacin zafi, amma gangarawa yake yi gaba ɗaya. Girinlan na asarar ƙanƙara wajen tan biliyan 270 a shekara, a 2019 kuwa ta haura tan biliyan 500. Tan biliyan 360 ne ke ɗaga tekun duniya da milimita ɗaya. Akwai giɓi na kusan shekara guda tsakanin mutuwar GRACE a 2017 da harba magajinsa GRACE-FO a Mayun 2018. Na bar shi fayau, ban yarda da cike shi da ƙiyasi ba.

Zana layin aikin yamma ɗaya ne. Wahalar tana wajen ware abin da ba ƙanƙara ba, domin tauraron komai yake aunawa a haɗe. Dutsen da ke ƙarƙashi har yanzu yana tasowa a hankali tun bayan da nauyin ƙanƙarar zamanin da ya ragu a kansa, dubban shekaru da suka wuce. Dole a ƙiyasta wannan tasowa a cire. A Girinlan gyaran ba shi da yawa. Da na koma Antaktika, nahiyar ƙanƙara ta ƙarshen kudancin duniya, na sauya ƙiyasin kawai, ban taɓa komai ba, sai amsar ta motsa da gomman biliyoyin tan. Tun daga ranar, duk adadin da aka kawo mini kan Antaktika sai na tambayi wane ƙiyasi aka ɗora shi a kai.

Ga kuma dishi-dishi. GRACE ba ya rarrabe abin da bai kai faɗin kilomita 300 ba, don haka asarar ƙanƙarar tsibirin Elasmiya na Kanada kan kutso cikin lissafin arewa maso yammacin Girinlan. Shi ya sa na haɗa da bayanan wasu taurarin, CryoSat-2 na Turai, mai aiki da rada tun 2010, da ICESat-2 mai hasken leza tun 2018. Su tsayin ƙanƙara suke aunawa, kuma tsayi ba nauyi ba ne: sabuwar dusa ta fi tsohuwar ƙanƙara sakayau nesa ba kusa ba. Sai dai su ne suka nuna mini takamaiman inda Antaktika ke zubewa, wato kogunan ƙanƙarar Thwaites da Pine Island a gaɓar Tekun Amundsen.