Fanka mai rimot da regileta ba sa ga maciji

Tunda zafi ya kankama aikin da yafi yawa a shagonmu shine ɗaura fanka mai rimot, musamman irin BLDC ɗin nan, wato mai injin da baya cin wuta sosai, da masu sola suke rububi, don ita wat 30 zuwa 35 take ci, tsohuwar fanka kuwa sai ta sha 70 ko fiye. Toh amma da yawan kiran da ake mana ba sabon ɗauri bane, gyaran ɓarnar wani ne.

Kuma kusan kullum regileta ce. Mutum yaje Sabon Gari ya sayo fanka da tsada, ya kira wani yaro ya kwance tsohuwar ya maƙala sabuwa, regiletar bango tana nan yadda take. Alhali ita mai rimot akwai risiba a cikinta, ita ke ƙara gudu da ragewa, cikakkiyar wuta volt 230 take so, idan regileta ta shaƙe mata wuta sai kaji fanka tana gurnani rimot yaƙi ji, in an daɗe a haka ta ƙone. Sai mai gida yace ai jabu aka sayar min. Nace ranka ya daɗe ba jabu bace, cire regileta za'ayi a bar makunni kawai.

Kafin yarana su hau tsani kuwa sai an kashe bireka, a duba canjoba, a tambaya ko akwai inbata, don ba'a yarda da "babu wuta yanzu", NEPA bata sallama in zata dawo. Sannan a sa testa a sama ko da makunni a kashe yake, gidaje da yawa mai wayarin ɗin farko nutural (wayar da wuta take komawa ta cikinta) ya yanke a makunni maimakon layif (wayar da ke kawo wuta), fanka ta tsaya amma wutar tana nan a waya tana jiran hannunka. Kala ma bana yarda da ita, a ƙa'ida ja ko ruwan ƙasa layif ne, baƙi ko shuɗi nutural, kore mai ratsin rawaya at (wayar kariya da ke zuwa ƙasa), amma wallahi na sha ganin gidan da duk wayoyin ja ne. Haɗi kuma da kanekta muke yi, ba murɗe waya a naɗe da salatif ba.

Sai ƙugiya. Ba'a rataye fanka a jikin silin ko POP, sai a rodin dakin (rufin kankare) ko katako mai ƙwari, a ɗaure noti a zura ɗan fil ɗin nan da yake hana shi warwarewa, wanda wasu suke barinsa a leda don basu san amfaninsa ba. Fukafukai kada su gaza mita 2.3 daga ƙasa.

In mun gama muna miƙa rimot ga uwar gida ne, mu ce Hajiya a ɓoye shi daga yara, don samun wanda zai dace da risibar in ya ɓata wahala ce.