Tsawo daga tsini, kauri daga ƙarƙashin ɓawo

A tsakar gidanmu akwai darbejiya da aka ɗaura wa wayar shanya tun tana 'yar siririya. Yau ta haura rufin ɗaki, amma wayar tana nan daidai kafaɗar mutum, inda aka ɗaura ta. Kututturen ne ya kumbura ya haɗiye ta, sai bakinta kawai ke leƙowa daga cikin ɓawo. Duk yaron da ya tambaye ni yadda shuka ke girma, gindin bishiyar nan nake kai shi.

Tsawo daga tsini yake zuwa. A kan kowane reshe da bakin kowace saiwa akwai ɗan wuri mai laushi inda ƙwayoyin halitta ke ta rabuwa gida biyu, sababbin su sha ruwa su miƙe. A sama ake ɗora sabon tsawo, tsohon jiki ba ya ɗagawa ko da taƙi ɗaya. Tohon kai kuma shi ke mulkin na ƙasa da shi, yana sako wani sinadari mai suna oksin da ke hana idanun gefe buɗewa. Shi ya sa muke datse kan zogale, sai rassa su ɓarke, ganye ya sauko inda hannu zai kai. Tun 1880 masanin halittu Charles Darwin da ɗansa Francis suka nuna ƙarfin tsinin nan: da suka rufe kan ɗan tsiron ciyawa, sai ya daina karkata wajen haske.

Gero da dawa suna da ƙarin dabara, domin a kowace gaɓa akwai wurin girma. Dawar da iska ta kwantar, daga gaɓa take lanƙwasowa ta sake ɗaga kai.

Kauri kuwa, nan ne abin ya fi burge ni. Ɓare ɗanyen reshe da damina, za ka ji wani santsi mai danshi tsakanin ɓawo da itace. Wannan shimfiɗar, wadda masana ke kira kambiyom, ba ta kai kaurin takarda ba, amma ita ke ƙara wa kututture kauri. Ta ciki tana yin itacen da ke jan ruwa daga saiwa zuwa ganye, ta waje kuma tana yin hanyar da abinci ke bi daga ganye ya sauka ga saiwa. Da damina tana aiki da sauri, da rani ta lafa, shi ne zobban da ake gani a wasu itatuwa in an yanka. Giginya da dabino ba su da ita, don haka ba sa ƙara kauri shekara-shekara irin na maɗaci. Ido ɗaya gare su a can ƙoli, in aka sare shi giginya ta gama.

Wannan ne ya sa raina ke ɓaci in na ga an yi wa itace sassaƙa zagaye. Mai neman magani da ya ɗebi ɓawon maɗaci ta gefe ɗaya, a tsaye, ya bar wa bishiyar hanya, za ta riƙa rufe ciwon daga gefe-gefe. Kuka ma tana mayar da ɓawo bayan an sale ta don igiya. Amma yawancin itatuwa, musamman ɗan dashen da akuya ta gwaguye ta zagaye shi, ba sa tashi. Ganyen zai zauna kore shar na ɗan lokaci, tunda ruwa na hawa ta cikin itace, alhali saiwa na can tana mutuwa da yunwa. In ya bushe sai a ɗora wa gara laifi. Duk dashen da na yi yanzu, sai na kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando har ɓawonsa ya yi tauri.