Digiri ta intanet bayan an tashi daga aiki

Wallahi masu cewa digirin intanet sauƙi ne ba su gwada ba. Ka dawo daga aiki a gajiye, yara na ta hayaniya, ba aji ba ƙararrawa, kai ne ɗalibi kuma kai ne mai sa wa kanka ido. Ni abin da ya burge ni shi ne tsari irin na jami'ar intanet ta Western Governors University (WGU) a Amurka, kuɗin zangon wata 6 ake biya, duk kwas ɗin da ka iya gamawa a ciki naka ne, abin da ka riga ka ƙware a kai a wurin aiki sai kawai ka zana jarabawa ka wuce. Da asuba nake karatu kafin waya ta fara damuna. Amma don Allah kafin ka tura kuɗi ka bincika ko hukuma ta amince da jami'ar, wasu takardar banza kawai suke sayarwa.