Hoton Matan Fada

Jiya na miƙa wa Maigida makullin shago, na ɗaure akwatin allina a bayan mashin na nufi gida. Shekara uku da wata huɗu na yi a wurinsa a Birnin Kebbi. Duk wanda ya taɓa zama a shagon zane ya san hidimar yau da kullum, allon talla da fastar 'yan siyasa, ba sai na faɗa ba. Abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya hoto ɗaya ne.

A watan Maris na 2020, tun kafin in shiga shagon, na je Argungu kallon bikin kamun kifi, wanda aka dawo da shi bayan an yi wajen shekara goma ba a yi ba. Na tsaya a gaɓar kogin Matan Fada da ɗan littafina da gawayi, ina zana masunta suna rugawa cikin ruwa da gora da homa. A shekarata ta biyu a shago wani Alhaji ya ga littafin a kan benci, ya ce yana son babban hoton wannan rana don falonsa, kuma da allin fastel yake so, domin ya ga wani ƙaramin aiki da na yi da shi. Maigida ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, ya ce in rubuto abin da nake buƙata.

Na rubuta takardar Canson Mi-Teintes, da feshin kama launi na masu zane, da kwalin da ake zagaye hoto da shi kafin a sa gilashi. Ya duba, ya jawo farin kwali mai santsi daga ƙarƙashin tebur, irin wanda muke yanka haruffa da shi.

"Kai yaro, takarda ai takarda ta. Wanga kwali mi yar rasa?"

Na san abin da ya rasa. Fastel mai taushi garin launi ne tsantsa da aka dunƙule da ɗan ƙaro kaɗan, ba ya jiƙa takarda kamar fenti, ba ya bushewa ya kama. Zama yake yi a cikin kaushin takardar, kamar yadda ƙura ke maƙalewa a bangon da ba a shafe ba. In babu kaushi, babu abin da zai riƙe shi. Duk wannan yana cikina, amma na ce, "To, Maigida," na ɗauki kwalin. Wannan laifina ne, ban taɓa ɗora shi a kan kowa ba.

Sati biyar na yi a kansa. Shafi biyu kawai kwalin ya ɗauka ya ƙoshi. Na uku sai ya riƙa zamewa yana zuba a gindin allo. Na koma dannawa da yatsa, har fatar ɗan alina ta yi sulɓi, launin ruwan kuma ya cakuɗe ya fara komawa kamar laka. Duk da haka akwai wurin da ya fito yadda nake so: wani matashi ya ɗago giwan ruwa, ruwa yana tsiyaya daga gwiwar hannunsa, rana ta bugi tsiyayar. Da farin alli na ɗiga hasken, ɗigo-ɗigo, ina riƙe numfashi.

Ranar da za a kai, Maigida ya ga gari yana zuba, ya aiki ƙaramin yaron shago ya sayo feshin gashi a shagon kayan kwalliya. Ko feshin na gaskiya ana yin sa ne daga nesa, kamar taƙi ɗaya da rabi, sama-sama, kuma ko shi yana ɗan duhunta launi. Shi kuwa ya kawo gwangwanin dab da hoton ya danna. A gabana farin nan ya jiƙe ya nutse, ruwan Matan Fada ya yi duhu, ɗigon feshi ya bar tabo a fuskar matashin, kwalin ya kumbura a tsakiya. Bai gama bushewa ba aka kifa masa gilashi kai tsaye, abin da ya rage ya manne a jikin gilashin.

Da Alhaji ya zo ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Maigida ne ya riga shi.

"Alhaji, a yi haƙuri, yaron ga bai ƙware ba tukuna."

Ina tsaye a wurin, hannuna duk launi. Aka mayar da kuɗi, aka riƙa cirewa daga ɗan abin da ake ba ni har wata uku. Kuɗin bai dame ni kamar kalmar nan ba. Mutumin da ya koya mini riƙon buroshi, wanda ya fi kowa sanin dare nawa na kwana a kan aikin, shi ya faɗe ta, kuma har na bar shagon bai sake tayar da maganar ba.

Tun daga nan ba na fara aiki sai na shafa takarda da tafin hannu. Ga masu tasowa da ke tambayata me za su fara saya, takarda nake cewa, kafin alli. Mi-Teintes fuska biyu gare ta, ɗaya mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, ɗaya mai ɗan laushi, kuma mai launin toka ko ƙasa-ƙasa ta fi fara sauƙin aiki. In ba ta samu ba, samfefa mai laushi ta masu gyaran mota, lamba 600, tana riƙe launi sosai don gwaji, sai dai tana cin alli. Sanduna goma sha biyu na kirki, irin Rembrandt ko Faber-Castell, sun fi kwalin arba'in da takwas na araha da farar ƙasa ta fi launi yawa a ciki. Kada a haɗa fastel mai gari da fastel mai maiko a hoto ɗaya, kuma mai maiko ba a barinsa a but ɗin mashin a zafin Afrilu. A fara da duhu, haske ya zo ƙarshe. Garin da ya taru kada a hura shi da baki, a karkata allon a ƙwanƙwasa bayansa. Sandunan da suka yi dauɗa a girgiza su cikin gwangwanin ɗanyar shinkafa, wadda dai ba ma rasa ta a Kebbi. In kuma maigidanka ya miƙo maka abin da ka san zai ɓata aiki, ka faɗa masa da ladabi tun a ranar farko, a gaban shaida.

Na sake zana Matan Fada a ɗakina, da dare, a kan takardar da na yi odarta daga Kano da kuɗina, direba ya kawo mini tasha. Ban fesa mata komai ba, na sa kwali tsakaninta da gilashi. Wani dattijo mutumin Argungu, abokin mahaifina, ya zo gaisuwa ya tsaya a gabanta. Ya nuna wani masunci can gefe, ya ce, "Ɗana, haka muke kwanciya bisa gora, ƙirji na bisa, ba ciki ba. Wa yag gwada maka?" Na ce da idona na gani, Baba.

Jiya kafin in fito na roƙi Maigida tsohon hoton. Yana bayan shago tsakanin gwangwanayen fenti, gilashin ya tsage. Ya ce in ɗauka, bai ɗago kai ba. Na goge ƙurar da hannun rigata na ɗaure shi tare da akwatin.