Abin da na koya a gidan wata tsohuwa 'yar Dominikan

Shekara huɗu na yi ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a Bronx, cikin New York, uku daga ciki a gida ɗaya na yi su. Ranar da ofis suka kira ni cewa kawai suka yi ga wata tsohuwa 'yar Sifanish, shekara 84, tana da ciwon suga, ƙafa kuma ta yi rauni. Mu ma a tsakaninmu haka muke cewa, duk wanda ya buɗe baki da Sifaniyanci ɗan Sifanish ne shikenan. Alhali fiye da rabin mutanen Bronx su ne, kullum muna jirgi ɗaya da su, amma ban taɓa tsayawa na tambayi wani daga ina yake ba.

Toh satin farko na je kanti na sayo tortilla da barkono mai zafi, a tunanina zan faranta mata. Ta dubi ledar ta dube ni, ta ce da guntun Turancinta ita fa ba 'yar Meziko ba ce. Daga Jamhuriyar Dominikan take, garin Santiago, can yankin da suke kira Cibao, kuma su abincinsu ba yaji. Da safe mangú, wato dafaffiyar ɗanyar ayabar suya a kirɓa ta a zuba soyayyar albasa a kai, da rana shinkafa da wake da nama wanda suke ce wa la bandera, tuta kenan. Na ji nauyin abin sosai don na san yadda nake ji in wani ya ce min ai ku 'yan Afirka duk ɗaya ne.

Daga nan na fara saurare. Ƙidayar 2020 ta nuna masu asali daga ƙasashen Sifaniyanci sun kai kusan miliyan 62 a Amurka, gwamnati ta haɗa su a suna ɗaya wai Hisfanik, har wata guda aka ware musu daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba. Amma a gidan nan ban taɓa jin ta kira kanta da wannan sunan ba sai in ana cike takardar asibiti. Maƙwabciyarta 'yar Puerto Rico ce, su tun 1917 'yan ƙasar Amurka ne, ba ruwansu da wahalar biza. Yaron da yake kawo mana saƙo a keke daga Meziko yake, harshen gidansu ma Mixteco ne, Sifaniyancin a makaranta ya koya. Tsohuwar kuwa ta zo ne a ƙarshen shekarun 1960, bayan an kashe Trujillo mai mulkin kama-karya a ƙasarsu a 1961 ƙasar ta rikice har aka yi yaƙin 1965, ta yi shekaru tana taka keken ɗinki a masana'antar kaya a Manhattan, yatsunta duk sun kanannaɗe.

Kuskurena na biyu a kan tukunya ne. Tana da wata tsohuwar tukunyar dalma mai kauri, caldero, gindinta ya yi baƙi ƙirin. Na dafa shinkafa na kwashe, sai na zuba ruwa a tukunyar don ƙanzon ya jiƙa na wanke, don ni a zatona a ƙasar nan wa zai ci ƙanzo. Wallahi sai da ta dafa sandarta ta taso har kicin, ta leƙa tukunyar ta yi shiru. Ashe ƙanzon nan da suke kira concón shi ne ran abincin, kankaro shi ake yi a faranti daban a zuba romon wake a kai, yara har rigima suke a kansa. Washegari ta sa na jawo mata kujera gefen murhu ta koya min: mai ya yi zafi tukun, in ruwa ya tsotse a tara shinkafar a tsakiya kamar tudu, a rufe, a rage wuta, kar a ƙara taɓawa. Da na ce mata mu ma muna da shi har kwaɗonsa ake yi da ƙuliƙuli, sai da ta sa na maimaita mata kalmar ƙanzo har ta iya. Irin wannan mun yi ta tsinta, adashi su san suke ce masa, alcalde ɗinsu, wato magajin gari, da alƙalinmu duk daga Larabci suka fito, ojalá da take yawan faɗa in tana fatan abu ma akwai sunan Allah a cikinta tun zamanin Andalus.

Amma abin da ya fi shiga raina shi ne gaisuwar safe. Babban ɗanta ya haura hamsin, direban bas ne, da furfurarsa. Kullum kafin bakwai waya za ta yi ƙara, kalmar farko da zai faɗa ita ce "Ción, mami", gajarcen bendición, wato ki sa min albarka. Ita kuma ta ce "Dios te bendiga, mi hijo", Allah ya yi maka albarka ɗana. Sai bayan nan za a yi maganar magani ko kuɗin haya. In ya shigo gidan haka, in zai fita haka. Jikarta da aka haifa a nan Sifaniyancinta duk a karye yake, tana jin kunyar yi a gaban manya, amma ba ta taɓa tsallake ƙofar nan ba ta nemi albarkar ba. Wata rana yarinyar ta shigo da waya a kunne ta wuce kai tsaye wajen firji, tsohuwar ba ta ɗaga murya ba, kawai ta ce "wa ya shigo ne ban ji ba?" Yarinyar ta ajiye wayar ta dawo ta sunkuya ta sumbaci goshinta ta nema.

Ranar a jirgin komawa gida kuka na yi. 'Ya'yana uku, biyu a nan aka haife su, na tashi da asuba na fita suna barci na dawo a gajiye, gaisuwarsu ta koma ɗaga hannu. Ni da na tashi a Zariya, ba ka isa ka sha koko ba ka durƙusa ka gaida Baba da Inna ba. Kullum ina ɗora laifin a kan ƙasar, ina cewa Amurka ce ta cinye min yara, ga mata nan ta fi shekara hamsin a ƙasar, a ɗaki biyu hawa na biyar, ta riƙe abinta har jika. Na tambaye ta yadda ta yi, ta ce babu ranar da ta taɓa yafe shi, ko suna faɗa da yaro sai ya nema kuma sai ta ba shi. Na fara a gidana a satin. Da wuya fa, babban yana ta ƙunƙuni kusan wata biyu, amma yanzu ko ina wajen aiki sai sun kira sun ce Umma ina kwana, na ce Allah ya yi muku albarka.

Addini bai taɓa zama matsala tsakaninmu ba. Tana da ɗan teburi da hoton Altagracia, wato Nana Maryamu, da kyandir, duk 21 ga Janairu sai ta sa an kai ta coci. Ni ban taɓa sa hannu a wajen ba, ita ma ba ta taɓa nema ba. In lokacin azahar ya yi da kanta take kashe talabijin ta nuna min ɗakin jikarta, kuma tun da ta gane ba na taɓa alade ta hana a shigo da salami ranakun aikina. Da azumi ƙarfe biyar take korata gida, "tafi mija, yaranki na jira", mija ɗin nan 'yata kenan, ni kuma Abuela nake ce mata kamar jikokinta.

Da ta rasu Santiago aka kai gawar, ta daɗe da tara kuɗin a san ɗinta don ta ce kusa da mahaifiyarta za ta kwanta. A nan Bronx suka yi zaman kwana tara, kullum da yamma gidan cike da mata ana addu'a ana raba kofi. Na je rana ta tara na yi musu gaisuwa, na zauna a kicin inda na saba. Da zan tafi 'yarta ta biyo ni bakin matakala da wani abu a naɗe cikin tawul, ta ce mami ta ce a ba ki. Tukunyar ce. Ita nake dafa shinkafar Juma'a da ita yanzu, autana ke tsayawa da cokali yana jiran na kwashe ya kankare ƙanzon.