Maɗaurin takalmin kekena ya tsinke, ga yadda na ɗinke shi

Takalmin tuƙa keke ba kamar sauran takalma ba ne, tafinsa ƙiƙam yake baya lanƙwasa, wasu da nailan mai tauri ake yi wasu da kabon, kuma a ƙasa akwai ɗan ƙarfen nan da yake maƙalewa a jikin feda. Nawa ɗan ƙarfen irin wanda ake kira SPD ne na kamfanin Shimano, mai sukuru biyu. To tunda ƙafa a maƙale take, duk lokacin da ka jawo feda sama, musamman a hawa ko in ka miƙe tsaye kana bugawa, maɗaurin saman nan shi yake shan duk wahalar. Shi ya sa sau da yawa shi yake fara mutuwa alhali sauran takalmin garau.

Nawa maɗaurin mai Velcro ne, wato irin mai ƙananan ƙayoyin nan da ake mannawa a ɓare, ya tsinke daidai inda yake naɗewa a cikin zoben nan da ake zura shi a juyo da shi. Da na duba ɗayan ƙafar sai na ga shima ya fara zaizayewa a wuri ɗaya sak, wato ba tsautsayi ba ne, gogar zoben ce take cin sa a hankali, ga gumi ga ƙura.

Wani abokina yace in ɗiga sufa gulu kawai in wuce wajen. Ban bi shawarar ba gaskiya, don sufa gulu in ya bushe ƙandarewa yake yi, kuma wurin nan lanƙwasawa yake duk sanda ka ɗaura takalmi, zai karye ne a gefen gam ɗin, sannan allura ma ba za ta shige shi ba daga baya in kace za ka ɗinke. Gam ɗin da ya dace shine irin na masu gyaran takalmi, wanda ake shafawa ɓangare biyu a bari ya sha iska kamar minti 10 zuwa 15 kafin a haɗa, shi ko ya bushe yana da laushi. Amma shima fa riƙo kawai yake maka kafin ɗinki, ɗinkin ne ainihin aikin.

Na yanko igiyar nailan daga wata tsohuwar jakar goyo, faɗinta daidai da na maɗaurin, na ɗan lasa bakinta da wutar leta don kar ta warware. Abin da za ka kula da shi a nan shine kauri, in facin ya yi kauri ba zai shige zoben ba, don haka kafin in shafa gam sai da na haɗa su na zura na gani. Na sa facin ta ciki, ya wuce wurin tsinkewar da kamar santimita 2 ta kowane gefe.

Ɗinkin ne ya ci min lokaci wlh. Zaren auduga ba ya yi, gumi da ruwa za su ruɓar da shi, zaren nailan na samu na goga masa kakin zuma. Na fara huda ramuka da basilla, tazarar milimita 3 zuwa 4, don in suka matsu da juna sai ya zama kamar ka yi wa fatar layin yagewa ne da hannunka. Sannan allura biyu a zare ɗaya, kowacce ta shiga rami ɗaya daga nata gefen, irin ɗinkin dukawa, amfaninsa ko zare ya tsinke a wuri guda sauran ba zai zazzage ba. Na zagaye shi kamar akwati na gicciya a tsakiya. Inda ya yi tauri filaya na sa na jawo allurar, yatsa ba zai iya ba. Ƙullin kuma ta waje na bar shi na narka bakin, in ya kasance ta ciki bayan awa guda a kan keke sai ka ji kamar tsakuwa ce a bayan ƙafarka.

Tunda na riga na zauna, na ɗauki tsinke na tsince zare da ƙazantar da suka cika ƙayoyin Velcro ɗin, riƙonsa ya dawo sosai. Bakin zoben ma akwai ɗan kaifi, na goge shi da sanfefa, kuma na yi wa ɗayan ƙafar faci tun bai tsinke ba, wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba tunda babu wahalar daidaita tsawo.

Masu takalmi mai BOA, wannan da ake murɗawa waya ta matse, nasu ba ɗinki ba ne, sauya wayar ko maɓallin ake yi. Haka mai bakul ɗin roba, yawanci sukuru ɗaya ne ke riƙe da shi, a kwance a sa sabo.

Gwajin farko ban yi nisa ba, na tsaya a kan feda na ja da ƙarfi na sauka na duba ɗinkin. Facin baƙi ne takalmin kuma fari, ana ganinsa daga nesa, amma yana riƙe ƙafa kamar da.