Ƙannena masu kiwon karfasa, ku yi hankali da kafso

Ƙannena masu shiga harkar kiwon kifi, musamman ku da kuka karkata wajen karfasa saboda tarwada ta cika kasuwa, ina roƙonku don Allah kar ku mai da antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar bakteriya, abin da za ku fara rarumowa duk sanda kuka ga kifi ɗaya biyu sun taso saman ruwa. Ni haka na yi, kuma ba wai labari aka ba ni ba, a kwamina abin ya faru.

Da na fara, abin da na tarar ana yi shi na bi. Kifi ya rage cin abinci, sai a ruga kemis a sayo kafson nan ja da yalo, tetirasaikilin kenan, a fasa a watsa a ruwa. Na gwada, mutuwar ta tsaya, na ce shikenan na samu lakani. Sai daga baya na gane ranar da na zuba maganin ai ranar na canza ruwa na kuma dakatar da abinci, wato ruwan ne ya lalace tun farko, kashin kifi da ragowar abinci sun tara amoniya, wani sinadari mai guba ga kifi, ba wata ƙwayar cuta. Amma tunda na riga na sa wa raina kafso ne ya yi aiki sai na maida shi kamar rigakafi, an kawo ƴaƴan kifi in zuba, na tace manya da ƙanana in zuba, ruwa ya ɗan canza kala in zuba, ba awo ba lissafin nauyin kifi, kwana biyu in na ga sun warware in daina.

Toh da zafin Afrilu ya shigo sai cutar gaske ta zo. Manyan kifayen da suka kusa fita kasuwa su ta fara kamawa, idonsu ya kumburo ya yi fari, jikinsu ya yi duhu, kana tsaye za ka ga kifi yana juyi yana katantanwa a ruwa kamar ba ya gani. Na zuba magani shiru, na ninka shiru, na haɗa da na kaji shi ma shiru, kullum da asuba sai na kwashe gawa. Sai da asarar ta yi nisa sannan na nemi likitan dabbobi, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Aka ɗauki kifi aka kai ɗakin gwaji, aka ce sitireptokokas ne, bakteriyar da take taɓa ƙwaƙwalwar kifi da idonsa, kuma tana tashi ne in ruwa ya yi zafi ya kai digiri 30 zuwa sama, ga cunkoso ga ƙarancin iska. Gwajin ya kuma nuna maganin da na saba zubawa ya daina kashe ta.

Ku fahimci yadda abin yake faruwa don shi ne zuciyar maganar. Duk sanda ka zuba maganin da bai kai ba, ko ka katse shi a hanya, ƙwayoyin cuta masu rauni suna mutuwa masu taurin kai suna saura, su ne za su hayayyafa su cika kwamin, kuma bakteriya tana iya miƙa wa wata bakteriyar wannan taurin kan ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Kaga da kuɗina na yi ta zaɓo masu ƙarfin ina raino. Sannan zuba kafso a ruwa ma ɓarna ce, oksitetirasaikilin, ɗan uwan tetirasaikilin da ake ba kifi, yana haɗewa da sinadarin kalsiyam da magniziyam da ke cikin ruwa ƙarfinsa ya ragu. Wanda ake cuɗawa a abinci shi ne daidai, shi ma in ka makara ba amfani, don kifin da ciwo ya ci ƙarfinsa ba ya cin abinci, masu lafiya ne za su cinye maganin, ragowar ya zauna a ƙasan kwami.

Wani kuskuren shi ne ɗauka cewa ciwon kifi ɗaya ne. Akwai eromonas mai sa gyambo da ja-ja a jiki da kumburin ciki, akwai kolumnaris mai cinye jela da jan naman nan na ƙarƙashin kumatu da kifi yake numfashi da shi, akwai kuma waɗanda ba bakteriya ba ne sam, bairos ne, antibayotik ba ya yi musu komai ko buhu ka juye. Bairos ɗin karfasa da aka fara bayyanawa a Isra'ila a 2014 ya kai har Masar, ƙasar da ta fi kowa noman karfasa a Afirka, a Ghana kuma daga ƙarshen 2018 wani bairos ɗin daban ya kashe karfasa ba adadi a kejunan tafkin Volta. Da ido kaɗai ko wanda ya daɗe a harkar yana iya ruɗewa balle kai da ka fara bana.

Abin da ya fi damuna har yau ba kuɗin da na rasa ba ne. A cikin ruɗewar nan na kira masu saye na sallamar da sauran kifin da sauri don kar su mutu a hannuna, alhali magani na jikinsu. Mutane suka saya suka kai gida, yara suka ci. Ruwan kwamin ma sakinsa nake yi ya gangara lambun da ake shuka latas da alayyahu. A lokacin ban ɗauke shi komai ba, yanzu na san haƙƙin mutane ne na ɗauka, ina neman gafarar Allah a kai. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowa shan wahala. Magungunan da muke watsa wa kifi ai dangin waɗanda ake ba ƴaƴanmu ne a asibiti. Ita kanta cutar tana iya tsallakowa, a Singafo a 2015 wani nau'in sitireptokokas ya kwantar da mutum sama da 160 bayan sun ci ɗanyen kifin ruwan daɗi, shi ya sa in kana da rauni a hannu kar ka dinga cakuɗa kifi mara lafiya hannu tsirara.

Yanzu in na ga mutuwa abu na farko shi ne in tsayar da abinci in duba ruwa. Ku fito da asuba kafin rana ta ɓullo, lokacin ne iska ta fi ƙaranci, in kun ga kifi sun taru a sama suna haki da baki to matsalar iska ce, a canza ruwa a rage cunkoso. Ɗan abin gwajin amoniya ma ku saya. In zafi ya matso ku rage yawan kifi da yawan abinci, ku yi wa kwami inuwa. Sabbin ƴaƴan kifi a ware su kamar sati biyu kafin a haɗa su da na gida, kowane kwami da ragarsa da bokitinsa, gawa kuma a tsame ta nan take a binne da farar ƙasa, don ƴan uwanta in suka ci ta haka cutar take bazuwa. Kashin kaji da wasu suke zubawa don ruwa ya yi kore, ku tambayi mai kajin ko yana ba su antibayotik kafin ku karɓa.

In ta kama dole sai an ba da magani, likitan dabbobi ne zai faɗi wanne da nawa, a kai masa kifin da yake ciwo amma bai mutu ba, don wanda ya kwana a mace ba ya nuna gaskiya a gwaji. A auna nauyin kifi, a ba da shi a abinci, a cika kwanakin ko da sun warware. Antibayotik ɗin da ake kira kuloramfenikol kuwa ku nisance shi gaba ɗaya, ƙasashe da yawa sun haramta bayar da shi ga dabbar da za a ci saboda yana iya lalata ɓargon mutum. Sannan ku samu littafi ku rubuta ranar da kuka gama ba da magani, ku duba kwanakin jira kafin a sayar da kifin a jikin kwalin, na oksitetirasaikilin yakan kai kwana 21, in dillali ya zo da kuɗi a hannu kafin ranar ta cika ku ba shi haƙuri ku faɗa masa ranar da zai dawo.